Abin da Ya Sa Amfilifaya Ke Ƙonewa

Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu. Ni dai na ga gaskiyar wannan magana da idona a zangon karatu na biyu na bara, ranar da Ƙungiyar Wasan Kwaikwayo ta makarantarmu ta yi wasanta na shekara. Mu 'yan Ƙungiyar Kimiyya aka ɗora wa aikin haɗa kayan sauti a babban zaure. Makaranta tana da amfilifaya ɗaya da akwatunan lasifika biyu, waɗanda iyayenmu suka yi karo-karo suka saya. Da muka ji za a yi baƙi daga gari, sai muka ga biyun nan ba za su isa ba. Muka je muka aro wasu biyu, muka murɗa wayoyin duka huɗun wuri ɗaya, muka cusa a bayan amfilifayar, muka buɗe murya har ƙarshe.

Da fari abin ya yi daɗi ƙwarai, har muna ta yi wa juna kirari. Ba a yi rabin sa'a da fara wasa ba sai muka ji wani wari kamar na ƙonannen roba. Kafin mu ankara hayaƙi ya taso, zaure ya yi tsit. 'Yan wasa suka ƙarasa da ihu, na baya ba su ji komai ba. Mu kuwa washegari muka sha yankan ciyawa, kuma makaranta ta yi makonni ana taron safe babu lasifika.

Da malaminmu na kimiyya zai kai amfilifayar wurin wani dattijo mai gyaran rediyo a cikin gari, sai ya ce in bi shi in ɗauki kaya. Dattijon ya kwance ta, ya duba, ya tambaye ni yadda muka yi haɗin. Da na gaya masa sai ya yi dariya ya ce, "Yaro, ai ku kuka kashe ta. Jaki ɗaya kuka ɗora wa mangala huɗu." Na ce, "Baba, ai na ga ramin waya ya ɗauke su duka." Ya juya bayanta ya nuna mini wani ɗan rubutu da ke cewa kada a haɗa mata abin da ya gaza om 4. Tun daga ranar na ƙudura sai na gane ma'anar wannan lamba. Abin da na koya daga Malam da dattijon nan da littattafan ɗakin karatu shi nake so in bayyana wa 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, domin kusan kowace unguwa akwai masallaci ko makaranta ko mai hayar kayan biki da ya taɓa yin irin wannan asara.

Aikin kowannensu

Sautin da ke fitowa daga makirfo ko wayar hannu lantarki ne ɗan mitsitsi, ba shi da ƙarfin motsa komai. Aikin amfilifaya shi ne ta ɗebo wuta daga soket ko batir, ta siffanta ta daidai da wancan ɗan sauti, amma da ƙarfi mai yawa. Lasifika kuma ita ke mayar da wannan lantarki ya zama motsin iska. A cikinta akwai maganaɗisu, da naɗin siririyar waya, da wani faifai mai kama da mazurari. In lantarki ya ratsa naɗin wayar, sai ya tura faifan gaba ya ja shi baya, iska ta girgiza, kunne ya ji. Wasu Amurkawa biyu, Chester Rice da Edward Kellogg, su suka bayyana wannan tsari a 1925, kuma har yau yawancin lasifikokin duniya a kansa suke. Kunnen yaro mai lafiya yana jin girgiza daga kamar sau 20 a daƙiƙa har zuwa sau 20,000.

Ke nan amfilifaya ita ce mai ja, lasifika kuma ita ce kaya. Kamar yadda kaya suka bambanta da nauyi, haka lasifikoki suka bambanta. Wata ko ƙaramar rediyo za ta kaɗa ta, wata kuwa sai amfilifaya mai ƙashi. Abubuwa uku ne ke sa lasifika ta yi wuyar kaɗawa.

Abu na farko: turjiya

Mu ɗauki misalin tankin ruwa na makaranta. Tsawon da aka ɗaga tankin shi ke ba ruwa ƙarfin turi. A lantarki ana auna wannan turi da bolt. Yawan ruwan da ke kwarara cikin bututu kuma ana auna kwatankwacinsa da amfiya. Ƙuncin bututun, wato yadda yake hana ruwa wucewa, shi ne turjiya, ana auna ta da om. An sa mata wannan suna ne don tunawa da wani Bajamushe, Georg Ohm, wanda a 1827 ya wallafa ƙa'idar da muke karantawa a aji: in ka raba bolt da om, za ka sami amfiya. In kuma ka ninka bolt da amfiya, za ka sami wat, wato ƙarfin aikin da ake yi.

A nan ne mutane da yawa ke ruɗewa, ni ma a nan na ruɗe. Na ɗauka lasifika mai babbar lamba ita ce mai nauyi. Ashe akasin haka ne. In bututu ya yi faɗi, ruwa zai kwarara da yawa, kuma mai buga famfo don cika tanki shi zai sha wahala. Haka lasifika mai ƙaramar turjiya take zuƙe wuta da yawa daga amfilifaya.

Ga lissafin. A ce amfilifaya tana ba da bolt 20. In aka haɗa mata lasifika mai om 8, amfiya 2.5 za su gudana, aikin ya zama wat 50. In mai om 4 ce, amfiya 5 ke nan, wat 100. In kuwa aka sauko om 2, sai ta nemi amfiya 10, wat 200. Duk wannan wuta ta cikin taransistocin amfilifaya take bi, kuma tana barin zafi a cikinsu. In zafin ya wuce abin da aka yi su dominsa, sai su ƙone.

To, ta yaya namu haɗin ya kai om 2, alhali kowane akwati om 8 aka rubuta masa? Haɗin lasifika iri biyu ne. In ka haɗa jan waya da jan waya, baƙa da baƙa, duk a wuri ɗaya, ka yi haɗin kafaɗa da kafaɗa. Kamar ka buɗe famfuna da yawa ne a jikin tanki ɗaya. Biyu masu om 8 sai su koma om 4, huɗu su koma om 2. Abin da muka yi ke nan. In kuwa ka sa wuta ta fita daga wannan ta shiga wancan, kamar raƙuma a ayari, ka yi haɗin jere, kuma turjiya ƙaruwa take yi: biyu masu om 8 su zama om 16. Da mun sani, da mun jera biyu a nan, biyu a can, sa'an nan mu haɗa jerin biyu kafaɗa da kafaɗa. Om 16 da om 16 a irin wannan haɗi om 8 suke bayarwa, wato da duka akwatunan huɗu sun yi magana, amfilifaya kuma ko gumi ba za ta yi ba.

Sai dai akwai wani sirri. Lambar da ake rubutawa a bayan akwati matsakaiciya ce kawai. Turjiyar lasifika ba ta tsayawa wuri ɗaya, tana hawa tana sauka gwargwadon kaurin sauti ko kaifinsa. A wani amon ganga tana iya ninka lambar sau da yawa, a wani amon kuma ta faɗo ƙasa da ita. Akwai ƙa'idar ƙasa da ƙasa da ta ce kada ta faɗo ƙasa da kashi 80 cikin 100 na abin da aka rubuta, amma ba duk masu ƙerawa ke kiyaye ta ba. Saboda haka akwatin da aka ce om 8 ne yana iya zama om 4 ko ƙasa a daidai wurin da kiɗa ya fi ƙarfi.

A tarihin wannan sana'a akwai lasifikokin da suka yi suna wajen wahalar da amfilifaya. A shekarun 1980 wani kamfanin Amurka mai suna Apogee ya fitar da wata da ake kira Scintilla, wadda turjiyarta om 1 ce kacal. Amfilifayoyi kaɗan ne a lokacin suke iya kaɗa ta ba tare da sun mutu ko sun kashe kansu ba. A Ingila kuma, a 1957, kamfanin Quad na Peter Walker ya fitar da wata irin lasifika da ba ta da maganaɗisu. Wata siririyar leda ce a tsakanin faranti biyu masu huji, lantarki ke jan ta yana tura ta. Muryarta tana da tsabta ƙwarai, amma turjiyarta tana zubewa har zuwa kusan om 2 in sauti ya yi kaifi sosai.

Abu na biyu: yawan amon da take bayarwa

In aka ba mutum biyu abinci daidai wa daida, wani zai yi noman kadada, wani kuwa kunya biyu zai yi ya zauna. Haka lasifikoki suke. Ana gwada su ta hanyar ba su kimanin wat 1, a tsaya nisan mita 1, a auna ƙarar da ta fito da ma'aunin da ake kira desibel. Akwatunan ɗaki da yawa suna tsakanin 85 da 90. Lasifikar ƙaho irin ta kan hasumiyar masallaci ko motar masu talla tana haura 100.

Kada mai karatu ya raina wannan bambanci. Ƙarin desibel 3 kawai yana bukatar a ninka wat sau biyu. Ƙarin desibel 10 kuwa sai an ninka sau goma. Wato ƙarar da lasifika mai desibel 96 za ta yi da wat 10, mai desibel 86 sai ta sha wat 100 kafin ta kamo ta. Misalai biyu sanannu za su nuna wannan. A 1946 wani Ba'amurke, Paul Klipsch, ya fara sayar da wata babbar lasifikar ƙaho da ake ajiyewa a kusurwar ɗaki, mai suna Klipschorn, wadda ke ba da kimanin desibel 105. Gidan rediyon BBC kuma a tsakiyar shekarun 1970 ya tsara wani ɗan ƙaramin akwati mai suna LS3/5A don ma'aikatansa su riƙa sauraron shiri a cikin motocin ɗaukar labari, wanda ke ba da kimanin 83. Tazarar da ke tsakaninsu ta haura desibel 20, wato ƙaramin sai ya sha wuta fiye da ninki 100 kafin ya yi ƙarar babban. Ashe girman akwati ba shi ke nuna cin wuta ba. Sau da yawa ma ƙaramin akwati mai son fitar da amon ganga shi ne mayunwaci.

A fili kuma akwai wani abin lura. Duk lokacin da ka ninka nisanka da lasifika, kimanin desibel 6 sun tafi. Shi ya sa amfilifayar da ta cika ɗakin aji take zama kamar raɗa a filin wasa.

Abu na uku: gardama

Wannan shi ya fi wuyar bayani, amma Malam ya kwatanta mana shi da lilo. In kana tura yaro a lilo, wani lokaci kai kana turawa gaba shi kuwa yana dawowa kanka. Faifan lasifika yana da nauyi, yana kuma da tsalle. In an tura shi ba ya tsayawa nan take, kuma yayin da yake dawowa naɗin wayarsa yana haifar da tasa wutar, ya mayar wa amfilifaya. Bugu da ƙari, a cikin akwati akwai wata rariyar lantarki da ke raba sauti, ta aika mai kauri ga babban faifai, mai kaifi ga ƙarami. Wannan rariya da shi kansa naɗin wayar suna sa bolt da amfiya su daina tafiya tare, ɗaya ya riga ɗaya. In haka ta faru, wani kaso na wutar ba ya zama sauti, a cikin taransistoci yake komawa zafi. Lasifikar da ta haɗa ƙaramar turjiya da irin wannan gardama a wuri guda ita ce ainihin mai wuyar sha'ani.

Yadda ake zaɓen amfilifayar da ta dace

Da farko a duba bayanta a ga mafi ƙarancin om da aka yarda a haɗa mata, kada a sauka ƙasa da shi ko da wasa. Na biyu, a duba takardarta a ga wat nawa take bayarwa a om 8, nawa kuma a om 4. Bisa lissafin da muka yi a sama, cikakkiyar amfilifaya ninkawa za ta yi, daga 100 zuwa 200. Kaɗan ne ke kai haka. Wadda ta tashi daga 100 zuwa 150 ko 160 tana da ƙashi. Wadda ta tsaya kusa da inda take, ko ba a ma faɗi abin da take yi a om 4 ba, to rumbun wutarta ƙarami ne, kada a ba ta lasifika mai nauyi.

Na uku, kada manyan lambobin jikin kwali su ruɗe mu. Za ka ga ɗan akwatin da yaro zai ɗauka da hannu ɗaya an rubuta masa wat dubbai, da haruffan PMPO a gefe. Wannan lambar talla ce. Wadda ake dogara da ita ita ce ta ƙarfin da na'ura ke iya bayarwa a kai a kai, wadda yawanci ake rubuta RMS a gefenta. A da akan ɗaga amfilifaya a ji nauyinta, domin mai babbar taransifoma ita ce mai ƙarfi. Yanzu akwai sababbin da ake kira aji D, marasa nauyi, marasa zafi sosai, kuma wasunsu suna da ƙarfi ƙwarai, saboda haka nauyi kaɗai ya daina zama shaida.

Na huɗu, ƙaramar amfilifaya ma tana kashe lasifika. Mutane suna zaton babba ce kaɗai ke fasa ta. In aka matsa wa ƙarama ta ba da abin da ba ta da shi, sai ta riƙa yanke kan igiyar sauti, murya ta shaƙe ta yi kaushi. Wannan gurɓataccen sauti yana tura wuta fiye da kima cikin ƙaramin faifan nan mai fitar da kaifin murya, siririyar wayarsa ta ƙone. Don haka da zarar an ji murya ta fara karcewa, a rage. Gara amfilifaya mai rarar ƙarfi da ake kaɗawa a hankali da ƙarama da ake wa dole.

Na biyar, masu tsohuwar amfilifaya mai bawul, wato mai kwalaben nan da ke haske, su sani dokarta daban ce. A bayanta akwai wuraren haɗi na om 4 da 8 da 16, sai a zaɓi wanda ya dace da lasifikar. Kuma ba a kunna ta a buɗe murya babu lasifika a jiki, domin taransifomarta na iya lalacewa. Mai taransisto kuwa abin da ta fi tsoro shi ne wayoyin nan biyu su taɓa juna.

Waya da zafi

Waya ma tana da tata turjiya. Siririyar wayar tagulla mai kaurin milimita murabba'i 0.75, in aka ja ta mita 50, zuwa da dawowa mita 100 ke nan, turjiyarta ta kai kimanin om 2.3. In lasifika mai om 4 ce a ƙarshenta, fiye da kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin a hanya zai salwanta. Maganin shi ne waya mai kauri kuma gajera.

Inda kuwa dole a ja waya da nisa a kuma haɗa ƙahoni da yawa, kamar masallacin Juma'a ko tasha ko makaranta irin tamu, akwai tsari na musamman da ake kira layin bolt 100. A Amurka bolt 70 suka fi amfani da shi. Kowane ƙaho yana da 'yar taransifomarsa, da wuraren zaɓen wat. A wannan tsari babu ciwon kan lissafin om, wat kawai ake tarawa. Amfilifaya mai wat 120 za ta ɗauki ƙaho shida masu wat 15, jimla 90, da sauran rara. Abin kiyayewa shi ne kada a haɗa lasifika mai om 8 kai tsaye a wurin da aka rubuta bolt 100, dole sai ta bi ta taransifoma.

Daga ƙarshe, a bar wa amfilifaya iska. A ƙasarmu zafin bazara kaɗai ya ishe ta, balle a kulle ta cikin kabad, ko a rufa mata darduma, ko a ɗora littattafai a kan ramukan shan iskarta. Ƙurar hunturu ma tana toshe waɗannan ramuka, sai a riƙa kakkaɓewa. In fis ya ƙone, a sa irinsa daidai. Masu naɗa waya ko takardar sigari a madadinsa sun kori mai gadi ne suka bar ƙofa a buɗe.

An gyara amfilifayarmu, an canja mata taransistoci, kuma kuɗin gyaran daga asusun iyaye ya fito, abin da har yanzu nake jin kunyarsa. Bana da aka sake yin wasan, mun yi haɗin jere biyu biyu, muka auna da mitar Malam kafin mu kunna. Mitar ta nuna ɗan ƙasa da 8, wanda Malam ya ce haka ya kamata, domin mita tana nuna ƙasa kaɗan da lambar da aka rubuta. An yi wasa sa'a biyu, na baya sun ji, amfilifaya kuma ɗumi kawai ta yi.

Roƙona ga 'yan'uwana ɗalibai shi ne, in mun je hutu muka ga ana shirin ƙara lasifika a masallacin unguwa ko wurin biki, mu nemi izini cikin ladabi mu duba lambobin da ke bayan kayan, mu yi ɗan lissafin nan a takarda. Iyayenmu kuma in za su sayi amfilifaya, su tafi da lambobin lasifikarsu a rubuce, su tambayi mai kanti mafi ƙarancin om da take ɗauka. Allah ya ba mu ilimi mai amfani, amin.

Daga wani ɗan aji biyar, Ƙungiyar Kimiyya